Wankin Nafkin

Ya kai ɗalibi, a darasin ayyukan gida ka haɗu da kalmomi irin su wanki, ɗauraya, matsewa, shanya da guga. Wataƙila ka haddace su, har kana iya sa kowace a cikin jimla. Ni da aka haifa a cikin harshen, sai da na haura shekara talatin kafin na san nauyin da ke cikin waɗannan kalmomi. Mutum biyu suka koya mini: jaririya 'yar mako ɗaya, da wata tsohuwa maƙwabciyarmu a birnin Ibadan.

Bari in fara gaya maka abin da ya kai ni can. Tun a shekarar 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya ƙarfafa cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku, wato Hausa, Ibo ko Yarbanci, ban da harshensa na gida. Wannan tsari ne ya sa littafin nan yake hannunka, shi ne kuma ya ɗauko ni daga ƙasar Katsina ya kai ni koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Ibadan. Na kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Iyali takwas ne a gidan, rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya uku.

A al'adarmu, mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa. Ana kiran wannan goyon ciki. A can za ta haihu, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, mahaifiyarta da gwaggonninta su ɗauke mata duk wani aiki har ta yi arba'in. Idan kai Ibo ne ka san omugwo, inda uwa ce take zuwa gidan 'yarta. Manufar ɗaya ce, hanyar ce ta bambanta. Mu ma haka muka shirya. Amma haihuwa ba ta jiran shiri. Saura kwana biyar mu kama hanya naƙuda ta taso, ta kuma zo da gardama, sai da aka yi wa matata tiyata. Likita ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi da yawan sunkuyo. Surukata kuwa tana jinyar maigidanta a gida, ta aiko cewa ba za ta iso ba sai bayan mako uku.

Abin da ya riga ta isowa shi ne kayan jariri. A cikinsu akwai nafkin dozin biyu, wato guda 24, da manyan fil masu murfi, da wandunan roba. Nafkin farin tawul ne mai kusurwa huɗu, ana ninke shi a ɗaura wa jariri don ya tare fitsari da kashi. Tsofaffi sukan ce kunzugu, wasu kuma su yanka tsohon zane mai laushi su ce tsumma. Akwai wanda ake amfani da shi sau ɗaya a yar, wanda kowa yake kira famfas ko da wane kamfani ne ya yi shi, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu omo. Famfas ya fi sauƙi, ba na musu. Sai dai jariri sabon haihuwa yakan bukaci canji sau takwas zuwa goma sha biyu a yini, kuɗin asibiti kuma ya riga ya cinye albashina na wata biyu. Saboda haka muka koma ga fararen tawul ɗin nan, kuma babu mai wanke su sai ni.

A nan kunya ta shigo. A inda na tashi ban taɓa ganin namiji yana wanke kashin jariri ba. Ƙari a kan haka, yarinyar nan 'yar fari ce, Bahaushe kuwa yana jin kunyar ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, bai kuma ɗauke shi a gaban mutane ba. To, ina ga malamin makaranta da ɗalibansa suke zaune a layi ɗaya da shi, ya tsuguna a tsakar gida yana cuɗa nafkin?

Sai na yi dabara. Nakan bari sai dare ya raba, kowa ya rufe ƙofa, in lallaɓa bakin rijiya da bokiti. Nakan zuba omo da yawa, don a ganina yawan kumfa shi ne tsafta. In cuɗa da sauri, in ɗauraye sau ɗaya, in matse, in koma ɗaki. A ɗakin nake shanya: a bayan kujera, a kan ƙofa, a jikin ƙusar da nake rataye riga. Watan Yuni ne, damina ta kankama, kuma daminar Ibadan ba irin ta Katsina ba ce. A gida idan aka yi ruwa da safe, kafin azahar rana ta fito ta busar da komai. A can iska kanta jiƙe take. Nafkin yakan kwana biyu a rataye, in taɓa in ji da ɗan sanyi-sanyi, in ce ai ya bushe.

Kwana biyu bayan suna, yarinya ta fara kukan da ba mu san irinsa ba. Duk lokacin da ta yi fitsari sai ta ƙanƙame jiki ta tsala ihu. Da muka kwance ta, muka ga cinyoyinta da mazaunanta sun yi ja wur, da ƙananan ƙuraje kamar an watsa gero. Matata ta dube ni, na dube ta. Ba ta ce komai ba, amma na ga hawaye a idonta. Daren nan babu wanda ya runtsa a cikinmu, na tabbata har da maƙwabta.

Da gari ya waye aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar da ke ɗakin da yake kallon namu ce. Kowa a gidan yana ce mata Iya, kalmar da take nufin uwa a Yarbanci da Hausa baki ɗaya. Ta yi shekaru tana cinikin goro da Hausawan unguwar Sabo, don haka tana jin Hausa sosai, ko da yake harshenta yana karkacewa. Ta gaida mai jego, ta karɓi yarinya ta duba. Sannan ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo, ta sauko da nafkin ɗaya daga kan ƙofa ta shinshina.

"Malam," in ji ta, "kai ne ɓarawon da yake jan ruwa da tsakar dare?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"Rana kake gudu, ko mutane?"

Na rasa amsa. Ta ce in kwaso su duka, da wankakku da marasa wanki, in same ta a bakin rijiya. Ƙarfe bakwai ne na safiyar Asabar, tsakar gida cike da mata. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kwaso na fita.

Abu na farko da ta yi ya ba ni mamaki. Ta tsoma ɗaya daga cikin waɗanda na ce na wanke a cikin ruwa mai kyau, ta matsa, sai ga kumfa ya taso. Ta ɗaga ta nuna wa matan gidan, aka yi dariya. Wannan sabulun da ya maƙale a zare, in ji ta, shi ne yake cin fatar yarinya. Daga baya ma'aikaciyar jinya ta ƙara mini bayani. Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba. Idan fitsari ya daɗe a jikin tsumma, ƙwayoyin cuta sukan juya shi ya zama wani sinadari mai zarni da yaji a hanci, wanda yake ƙona fata. Danshi da ɗumi kuma su ne abin da ƙwayoyin suke so. Ni na haɗa wa 'yata duka ukun: ragowar sabulu, ragowar fitsari, da danshi.

Iya ta fara daga tushe. Nafkin mai kashi ba ya jira. Da an kwance shi, a kai shi bayan gida a zubar da ƙazantar a masai, kada a zubar a kwata ko a bayan ɗaki inda ƙuda da kaji za su same ta. Mutane suna cewa kashin jariri ba ya cutarwa, amma yana iya ɗauke da cutar gudawa kamar na kowa. Sai a ɗauraye da ruwan sanyi. Na tambaye ta me ya sa ba ruwan zafi ba, ta ce zafi yana dafa tabo ya zauna daram, kamar yadda yake dafa ƙwai. Bayan haka a jiƙa a bokiti mai murfi, wanda ba a yin komai da shi sai wannan, a kuma ajiye shi inda ƙaramin yaro ba zai kai ba. Kada jiƙon ya wuce yini ɗaya.

Wankin kansa da sabulun sanda marar ƙamshi ta yi shi, kaɗan kuma ta shafa. Ta cuɗa tsakiyar, inda aiki yake, fiye da gefuna. Amma inda ta daɗe shi ne ɗauraya. Ruwa uku ta canja, a na ukun ta sa na sunkuya na duba da idona, babu ko ɗigon kumfa. Na ja guga goma sha ɗaya a safiyar nan, na ƙirga. Da muka gama ta ɗora wata tsohuwar tukunya a kan murhu ta tafasa su kamar minti goma, ta ce a riƙa yin haka sau ɗaya a mako, da kuma duk lokacin da cikin yarinya ya ɓaci. A ƙarshe ta miƙo mini sabulu ta tsaya a kaina har na wanke hannuna, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin farce.

Sai shanya. Ta ba ni igiyarta, wadda rana ta fi daɗewa a kanta. Ta sa na kaɗe kowanne da ƙarfi don tawul ɗin ya yi laushi, na baza shi ba tare da ninki ba. Wasu suna da sauran tabo rawaya, na ce a sake wanke su, ta ce in bar wa rana aikinta. Da la'asar na dawo na tarar tabon ya ɓace, sun yi fari fat, babu wari. Idan hadari ya taso, a mayar da su ƙarƙashin baranda inda iska take wucewa. Abin da ta hana ni da babbar murya shi ne shanya a ƙasa ko a kan ciyawa. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu masu danshi da yake son warin fitsari. Yakan saka ƙwai a ƙasa ko a jikin tufa mai laima, musamman a inuwa. Idan aka sa wa yaro tufar, tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta shige fata ta yi kumburi kamar maruru. Zafin guga yana kashe ƙwan. Don haka kowane nafkin sai an goge shi ciki da baya, kuma da yake wutar lantarki ba ta zama, na sayi dutsen guga na gawayi.

Ka lura, ɗalibi, na ambaci guga iri biyu. Akwai gugan da ake jan ruwa da shi, akwai gugar da ake yi wa tufafi. Rubutunsu ɗaya, karin sautinsu daban, jinsinsu ma daban: na farko namiji ne, ta biyun mace. Ka roƙi malaminka ya furta maka su. Ni dai a wancan watan na san su duka biyu a kafaɗata.

Game da yarinya, Iya ta ce a canja mata da zarar ta jiƙe, a wanke wurin da ruwan ɗumi, a tsane shi a hankali ba tare da gurzawa ba, a bar ta ta sha iska a kan zani na ɗan lokaci. Wandon roba a ajiye shi sai za a fita unguwa, domin yana riƙe zafi. Ta kawo man kaɗanya ta ce a shafa kaɗan, don yawan mai yana toshe tawul ya daina shan ruwa. Ta kuma ce idan kwana uku suka wuce babu sauƙi, ko jikinta ya yi zafi, mu koma asibiti. A kwana na huɗu jan ya dushe, yarinya ta yi barci tun daga isha har tsakar dare.

Ba zan ce maka kunyar ta tafi a rana ɗaya ba. Ranar Litinin da na shiga aji biyu, na ga wasu yara suna ƙus-ƙus, na gane labari ya riga ni zuwa. Wani yaro marar tsoro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya ake cewa mutum ya rataye kaya a rana da Hausa?" Aji ya yi tsit. Na ɗauki alli na rubuta: Malam ya shanya nafkin. Na sa suka maimaita sau uku, sannan muka juya jimlar zuwa korewa da tambaya. A jarrabawar zangon nan babu wanda ya faɗi kalmar shanya.

Wadda na fi jin nauyinta ita ce surukata. Ranar da ta iso, da hantsi, ta same ni a tsakar gida da fararen tawul a kafaɗa ina ratayewa. Na durƙusa na gaishe ta, ita kuma ta kawar da kai gefe kamar ba ta ga komai ba, yadda surukai suke yi. Ta shiga ɗaki. Can na jiyo ta tana tambayar 'yarta a hankali, "Wa ya koya wa Malam ɗauraya haka?" Washegari ta karɓi aikin daga hannuna, ta ce ba a gabanta ba. Jan ruwa da hura gawayi kawai ta bar mini. Ita da Iya kuwa suka ƙulla ƙawance a bakin rijiyar nan, har da musayar goro da daddawa.

Nafkin dozin biyun nan sun raini yarinyar, sun raini ƙannenta biyu. Da suka tsufa suka koma tsummar goge-goge, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ya rage. Yana cikin jakata, da shi nake goge allo, kuma ɗalibaina na yanzu ba su san tarihinsa ba.