Abin da Ke Gefen Minda

Lambar yabo ta soja, wadda tsofaffi ke kira minda, ba ta cika tafin hannun yaro ba, amma takan ɗauki tarihin ƙasa guda. Mu mazauna GRA ta Bauchi, unguwar da Turawan mulki suka kafa wa kansu a wajen ganuwa, ya kamata mu san mindar da aka buga saboda shigowarsu garinmu, da kuma wanda ya fi kowa cin moriyarta.

Sunansa Thomas Morland. An haife shi a 1865, ya kuma shiga rundunar WAFF ta Gwamna Lugga a 1898. A 1901 shi ya jagoranci harin Yola, inda ya kori Lamiɗo Zubairu, ya sami rauni, aka saka masa da lambar DSO. A watan Fabrairun 1902 ya iso Bauchi, garin ya buɗe ƙofa ba tare da an gwabza ba, aka tuɓe Sarki Umaru. Daga nan ya nufi Borno, a kan hanya dakarunsa suka kama Malam Jibril Gaini. Ran 3 ga Fabrairu, 1903 igwoginsa suka buɗe masa hanyar shiga Kano, a watan Maris kuma yana cikin waɗanda suka ci Sakkwato.

Kowane gari da ya faɗi, matakala ce ya zame masa. A 1905 ya zama babban sufeton rundunar baki ɗaya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yana Janar a Faransa, yana cikin manyan kwamandoji a yaƙin Somme, inda ran 1 ga Yuli, 1916 Ingila ta rasa sojoji fiye da 19,000 a yini guda. A 1920 aka ba shi jagorancin sojojin Ingila da ke zaune a Jamus. Ya rasu a 1925, kuma har yau ana iya bin rayuwarsa shekara da shekara, domin mutanensa sun rubuta.

Ita mindar, a 1902 aka ƙirƙiro ta don yaƙe-yaƙen Afirka. Ta azurfa ce, da kan Sarki Edward na Bakwai a fuskarta, tana rataye da ƙyalle rawaya mai baƙin gefe da ratsin kore biyu. A kan ƙyallen ake maƙala ɗan siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan ƙasa da shekara. Na 1902 ya haɗa da tafiyar Bauchi da Borno. Na 1903 ya haɗa Kano da Sakkwato da Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ran 27 ga Yuli. Wato dai abin da ke wurinmu rushewar daula, a wurinsu layi ɗaya ne a kan ƙarfe.

To, amma akwai wata magana mai ɗaci. Turawan da suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe 'yan ƙalilan ne. Masu riƙe bindiga da masu ɗaukar kaya baƙar fata ne, da yawansu kuwa Hausa suke ji. Sojojin nan su ma an ba su wannan minda, a gefenta kuma aka buga lambar kowane soja da sunansa. Sau da yawa wannan gefe shi kaɗai ne wurin da sunan talakan soja ya saura a duniya. Wasu daga cikin irin waɗannan mindodi sun ƙare a hannun masu gwanjo a Landan.

Na san yadda irin wannan asara ke aukuwa. Ina yaro akwai wani tsoho mai gadi a layinmu, wanda ya yi yaƙin Burma tsakanin 1943 da 1945. Mindodinsa na cikin gwangwanin taba, yakan goge su da toka in sallah ta zo. Tauraruwar Burma da yake alfahari da ita ko suna babu a jikinta, domin haka aka raba su. Labarin duk yana bakinsa. Ranar da ya rasu labarin ya bi shi, gwangwanin kuma ba wanda ya san inda ya shiga.

Ba ina cewa a yaba wa wanda ya ci garinmu ba ne, ko a tsine wa wanda talauci ko bauta ta kora cikin kaki. Abin da nake cewa shi ne, in baki ya yi shiru, ƙarfe ne zai ba da labari, shi kuwa na mai bugunsa kawai ya sani. Don haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya san akwai minda a akwatin kakansa, ya ciro ta, ya karanta gefenta, ya tambayi tsofaffin gida tun suna da rai, sa'an nan ya rubuta da Hausa. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya sa mu dace, amin.