Yaron da ya haddace waƙoƙin Sangaya, ya kasa sau bakwai

Ni dai ba ɗan fim ba ne, ban taɓa riƙe kyamara ba, ko lokeshin ban taɓa leƙawa ba. Malamin firamare ne ni, kuma yanzu haka na kusa ajiye alli. Amma ma'abocin kallo ne ni na gani-kashe-ni tun ina saurayi, lokacin da mu ke tara kuɗin tara don mu shiga Plaza ko Marhaba kallon Indiya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne labarin wani yaro da na koyar, wanda ya sauya mani yadda na ke kallon fim da yadda na ke kallon aji gaba ɗaya.

A shekarar 2000 a ka ba ni aji huɗu a wata firamare ta gwamnati a cikin birnin Kano. Yara sun haura tamanin, rabin su a ƙasa su ke zama. A lokacin Sangaya ne ke tashe, ko'ina ka juya hoton Ali Nuhu da Fati Mohammed ne, ko'ina ka bi waƙar ce ke tashi daga shagunan masu kaset. A cikin ɗalibai na akwai wani siririn yaro da 'yan aji ke kira Ɗan Sangaya. Babu waƙar da ke cikin fim ɗin nan da bai haddace ba, har da inda kiɗa ke tsayawa da inda ya ke ci gaba. Idan a ka fita tara, shi kaɗai zai yi maka muryar namijin, ya juya ya yi ta macen, yara sun zagaye shi su na tafi.

Amma fa da zarar an dawo aji, shi ke nan, sai ka ce an ɗauke wuta. Wata uku ina fama da shi a kan sau bakwai. Na yi bulala, na sa shi kamun kunne, na tsayar da shi a rana. A takardar sakamakon zangon farko, da hannu na na rubuta cewa ba ya ganewa. A ofishin malamai kuwa sunan da mu ka sa masa daƙiƙi.

Wata safiya mahaifin sa ya zo, wani dattijo mai sayar da itace. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, ni na zo ne ka faɗa mani gaskiya tsakanin ka da Allah. In yaron nan ba shi da kan boko, in kai shi gareji tun yanzu, kada ya yi biyu babu."

Na buɗe baki zan ce ya kai shi, sai na hango yaron ta taga ya na kaɗa ƙafa a ƙarƙashin benci, leɓen sa na motsi. Wata tambaya ta faɗo mani: kan da ya ɗauke waƙa shida ko bakwai daga kallo biyu, yaya za a yi ya kasa ɗaukar layi goma sha biyu a wata uku? Sai na ce, "Baba, ka ba ni zuwa ƙarshen shekara. In bai canza ba, da kai na zan zo in faɗa maka."

Na yi alƙawari, amma wallahi ban san ta inda zan ɓullo ba. Abin da ya fara zuwa mani shi ne mafi sauƙi. Na ɗauki karin ɗaya daga cikin waƙoƙin da ke tashe, na cire kalmomin ta, na zuba sau bakwai a ciki. Cikin kwana biyu ajin gaba ɗaya ya haddace, Ɗan Sangaya ne ke ba da waƙa, saura na amshi. Na koma gida ina jin kai na kamar wani farfesa.

Ashe kuskure biyu na tafka a lokaci guda. Na farko, waƙar soyayya na ɗauko. Yara su na komawa gida sai su zarce daga lissafi zuwa kalmomin asali, in an tsawata su ce ai Malam ne ya koya masu. Ku tuna fa lokacin da a ke ciki. A ƙarshen shekarar 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sai a 2001 a ka kafa Hukumar Tace Finafinai. Ko'ina maganar ɓata tarbiyya a ke yi. Iyaye uku su ka kawo ƙara ta. Hedimasta ya kira ni ofis, ya ce, "Malam, makaranta mu ke gudanarwa a nan ko sutudiyo? In na sake jin irin wannan, takarda zan ba ka." Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure." Kuma da gaske na ke, domin iyayen nan su na da gaskiya.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Na tambayi yaron bakwai sau takwas, sai ya rufe ido ya faro waƙa tun daga bakwai sau ɗaya har ya iso wurin. Na ce masa, mutum bakwai kowa ya ba ka naira takwas, nawa ke hannun ka? Ya tsaya ya na kallo na. Ashe waƙa ya haddace, lissafin ya na nan inda na bar shi. A ranar na gane cewa waƙa ta na taimakon hadda, amma ganewa sai yaro ya yi abu da hannun sa, da jikin sa, da bakin sa.

To, sai na koma ga abin da na san yaron ya fi iyawa, wato kwaikwayo. Na sa kowa ya kawo muraben kwalba, kwalin ashana, gwangwanin madara da tsakuwa. Mu ka yanka takardu mu ka zana kuɗi, naira biyar, goma, ashirin, hamsin, da sabuwar naira ɗari da ta fito a ƙarshen 1999. Zanen kuɗin ma darasi ne, don sai da yara su ka tambayi sunan kowane mutum da ke jikin takardar, mu ka yi maganar Tafawa Ɓalewa da Murtala da Awolowo ba tare da na buɗe littafin tarihi ba. Bayan aji ya zama kasuwa. Ɗan Sangaya na naɗa babban ɗan kasuwa, ya na saɓa wata tsohuwar riga ta, ya na magana da muryar alhazai. Doka ɗaya na kafa: duk wanda ya ba da canji ba daidai ba, ya karye, ya sauka wani ya hau.

Ranar farko a ciniki na biyu ya karye. Ya koma gefe ran sa a ɓace. Washegari sai na gan shi tun kafin a buga ƙararrawa ya na jera murabe bakwai-bakwai a ƙasa ya na ƙirgawa. Babu wanda ya sa shi. Bai so a sake ƙwace masa rol ɗin sa ne kawai. Bayan mako uku, ya na iya faɗa maka kuɗin ashana takwas a naira bakwai-bakwai da canjin da zai ba ka daga naira ɗari, ba tare da ya rera komai ba.

Daga nan abin ya bazu zuwa sauran darussa. A darasin zamantakewa mu ka yi wasan Bayajidda. Bokiti ne rijiyar Kusugu, igiyar guga ce macijiya, yara bakwai su ka tsaya a matsayin Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Wata yarinya da ban taɓa jin muryar ta ba tun farkon shekara ita ta roƙi a ba ta Daurama, kuma ranar ta ba kowa mamaki. A kimiyya, wasu su ka zama rana, wasu kogi, wasu gajimare, su na tashi su na haɗuwa su na zubowa, har su ka gane inda ruwan sama ke fitowa. Da mu ka zo kan siffofi, sai na sa su zana dagi irin na jikin gidajen cikin birni da aikin da ke jikin hula, su ninke takardar biyu su ga yadda ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu. A darasin Hausa, mu kan karanta labari daga Magana Jari Ce, rukuni ɗaya su zana shi gida-gida kamar hotunan fim, ɗaya rukunin su kwaikwaya. Inda mu ke buƙatar waƙa, 'yan mata su kan kawo karin gaɗa da iyayen su su ka sani, mu sa kalmomin mu. Ba a sake kawo ƙara ta ba.

Kada in yi maku ƙarya, abin da wahala. Yara tamanin su na wasa a ɗaki ɗaya ba ƙaramar hayaniya ba ce, malamin ajin da ke maƙwabtaka da ni ya daɗe ba ya amsa gaisuwa ta da kyau. Ya na cin lokaci, har manhaja ta kan bar ni a baya. Kuma akwai ranakun da yara su ka sha dariya su ka tashi ba su koyi komai ba, domin ban shirya tambayar da zan yi masu bayan wasan ba. A hankali na koyi cewa duk wasan da ba a rufe shi da tambaya da rubutu a littafi ba, wasa ne kurum.

Daga baya na gane ba wani sabon abu na ƙirƙiro ba. Nana Asma'u da waƙa ta ilimantar da mata ta hannun jajis ɗin 'Yan Taru tun ƙarni na 19. Almajiran ilimi da baitoci su ke riƙe nahawun Larabci a Alfiyya. Malam Aminu Kano, lokacin da ya ke koyarwa a Midil ta Bauchi a shekarun 1940, ya yi amfani da wasan kwaikwayo da ɗaliban sa. Wasan Marafa na Abubakar Tunau darasin tsafta da kiwon lafiya ne a cikin rigar wasa. Ko tashe da yaran mu ke yi da azumi, ai makaranta ce. Mu ne dai mu ka mayar da zane da waƙa da wasa wani ɗan darasi na ƙarshen mako, mu ka mayar da aikin hannu ya zama yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya kawo a ba shi maki.

Da fim ɗin Aamir Khan, Taare Zameen Par, ya fito a 2007, na kalle shi ni kaɗai cikin dare. Na san yawancin ku kun gan shi: yaro Ishaan da haruffa ke rikice wa, kowa na ce masa malalaci, sai malamin zane ya gano shi. Matsalar Ishaan daban ce da ta ɗalibi na, amma da a ka zo inda malamai ke zagin sa, kashe talbijin na yi na ɗan zauna. Kai na na gani a cikin su, da bulala ta da jan biro na.

Shi ya sa na ke da magana da ɓangare biyu. Ku masu karatu, da yawan ku ku na da ƙanne a firamare, wasun ku ma su na kwalejin horon malamai. In ka ga ƙanin ka ya haddace duk abin da a ka faɗa a fim mai dogon zango amma ya na zuwa na ƙarshe a aji, kada ka yi saurin ce masa daƙiƙi. Ka zauna da shi ku yi kasuwa da muraben kwalba, ka sa ya zana maka labarin da ya karanta, ka ga abin da zai faru.

Ku kuma 'yan fim, tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau kun yi finafinai ba adadi, amma nawa ne a ciki a ka yi domin yaro ɗan shekara tara? Amurkawa sun fara Sesame Street tun 1969, su na koyar da ƙirge da baƙaƙe da 'yan tsana da waƙa, har a ka yi na Nijeriya, Sesame Square, a 2011. Ku da ku ke da mawaƙan da baiti ɗaya ke zagaye Arewa cikin mako guda, me zai hana ku zauna da malaman firamare ku yi wa yaran mu irin wannan? Yaran nan su na kallon ku ko kun so ko ba ku so ba, da a bidiyon maƙwabta, yanzu a wayar iyayen su.

Shi kuwa Ɗan Sangaya, a jarrabawar ƙarshen shekara ya zo na talatin da wani abu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma daga can ƙasa ya taso, kuma ya ci lissafi. Na je har inda mahaifin sa ke faskare na nuna masa takardar. Ya goge hannu a riga ya karɓa, ya juya ta duk da ba ya karanta boko, ya ce, "To Malam, a bar shi ke nan?" Na ce a bar shi, Baba.

Ya gama firamare, ya yi ƙaramar sakandare, daga nan ya koyi ɗinki. Bai zama jarumin fim ba. Yanzu ya na da shago da yara huɗu a ƙarƙashin sa, shi ke awo, shi ke yanka, shi ke riƙe littafin bashi da kan sa. Bara kafin Sallah na kai masa yadi, ya na auna ni ya na rubutawa, sai na ce masa, "Bakwai sau takwas?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Hamsin da shida, Malam. Ɗaga hannun ka in auna."