Ido a hanya, saƙo a jiki

Mu mutanen Yasore babur ne ƙafarmu. Shi ke kai mu makaranta, shi ke kai mara lafiya asibiti a Batsari, shi ke ɗauko buhun gero daga gona. Yanzu wasu yayyenmu 'yan acaba sun fara ɗaure waya a gaban babur suna bin taswirar Google Maps, musamman in aiki ya kai su cikin Katsina, unguwannin da ba su sani ba.

Idon ne ke ba mu tsoro. Mai tafiyar kilomita 40 a awa, in ya kalli waya na daƙiƙa biyu kacal, ya ci mita 22 bai ga gabansa ba. A cikin wannan tazara rami zai iya shiga, ko akuya, ko ƙanenka.

Shi ya sa masu ƙera na'urori suka koma aika saƙo ta jiki. Waya ce ke lissafa hanya, in an kusa kwana sai wani abu da ka sa ya yi jijjiga. A Indiya an yi takalmi mai suna Lechal, tun asali don makafi: ƙafar dama ta motsa ka yi dama, ta hagu ta motsa ka yi hagu. Agogon Apple Watch kuwa bugu 12 yake yi a jere in dama ce, in hagu ce bibbiyu sau uku.

Da muka ji haka dariya muka yi, don mun daɗe da wannan dabara. Wanda aka goya ya taɓa kafaɗar mai tuƙi, shi ke nan, ba sai an yi ihu cikin iska ba. Ta takalmin ta fi kama da tamu, kuma ta fi shiga hankalinmu. Wa zai tsaya ƙirga bugu 12 a kan Boxer, a hanyar da ba kwalta, alhali babur ɗin kansa rawa yake yi?

Sai maganar sabis. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, har da Batsari da Safana. GPS daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, saboda haka wanda ya sauke taswira tun da wuri ba zai ɓata ba. Amma taswirar ba ta san rafin da ya kawo ruwa jiya ba, balle hanyar da ba a bi yau ta gefen dajin Rugu. Wannan labarin har yanzu a tasha muke tambayarsa kafin a tayar da babur.