Akun da Kawu Ya Bari

Idan mutum ya rasu a unguwarmu, bayan an share makoki akan kira malami a zauna a lissafa abin da ya bari: gida, shago, kekunan ɗinki, bashin da yake bi da wanda ake bin sa. Kowane abu yana da kima, kowane magaji yana da rabonsa. A cikin abin da kawuna ya bari har da aku guda ɗaya, toka-toka mai jar wutsiya, wanda ya yi fiye da shekara 20 a ƙofar shagonsa na ɗinki a nan Briqueterie, wadda mu mazauna Yawunde muke kira Birik. An yi wa tsuntsun kuɗi kamar yadda aka yi wa sauran kaya, ni kuma na biya na ɗauke shi. Kejin da abin da ke cikinsa sun zama nawa a yini guda. Yardar da ke tsakaninsa da Kawu kuwa ba ta shiga lissafin gado ba, ta bi mai ita kabari. Labarin yadda muka sake gina wata nake so in ba ku.

Sunansa Waziri. Kawu ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun yana yaro, littafin nan da ya fara fitowa a 1937, wanda aku ya yi ta ba da labari a cikinsa har aka naɗa shi waziri. Da wani direban motar katako ya kawo masa tsuntsun daga gabashin Kamaru, bai wahala wajen neman suna ba. Waziri ya tashi cikin hayaniyar Birik, don haka bakinsa ya zama kamar na 'yan unguwar: yana sallama da Hausa, ya gaishe ka da Fulatanci, ya tambayi lafiyarka da Faransanci. Yana kwaikwayon ƙarar wayar salula da tarin Kawu, kuma da muryar Kawu sak yake kiran Inna, matar gidan.

Wannan kiran ne ya raba shi da gidan. Inna tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10, kullum da asuba sai ta ji muryar mijinta daga zaure yana cewa a kawo masa shayi. Ta jure mako uku. Rannan ta aika aka kira ni, ta ce, "Ɗan nan, ka ɗauke shi don Allah. Ba na son a sayar wa bare, amma zuciyata ba za ta iya ba." 'Ya'yan Kawu maza suna Duwala da Ngaundere, babu mai wurin ajiye shi. Akwai kuma wani mutum da ya yi ta zirga-zirga yana ƙara kuɗi, kuma kowa ya san ana neman jan gashin aku da kansa a kasuwannin masu magani. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Na san Waziri tun ina ɗan koyo a shagon Kawu, amma sanin nesa ne. Ranar da ya kwana a gidana ya nuna mini cewa a wurinsa ni baƙo ne. Ya maƙale a can ƙuryar keji, ya tayar da gashin jikinsa, yana wani irin gurnani mai kama da na kare, wanda duk mai kiwon irin wannan aku ya sani. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba. Abinci sai ya ga babu kowa yake taɓawa kaɗan. Cikin kwana goma ya fara tsige gashin ƙirjinsa, har fatar ta bayyana kamar tafin hannun jariri. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin aku idan ya saba da tsige kansa yakan iya ci gaba har ƙarshen rayuwarsa.

Sai da na zauna na yi tunanin ko wane ne wannan tsuntsu kafin ya zama Waziri. Asalinsa dazuzzukan Afirka ta Tsakiya da ta Yamma ne, kuma a kudu maso gabashin ƙasar nan, wajen gandun dajin Lobéké, suna sauka garke-garke a filayen da ke tsakiyar daji. Ba su san kaɗaici ba. Tare suke kiwo, tare suke kwana, namiji da mace kan daɗe tare. Masu kama su kan shafa danƙo a jikin sanduna ko su shimfiɗa raga, sannan a cusa su cikin akwatuna, da yawa su mutu kafin a isa kasuwa. Fiye da miliyan ɗaya aka fitar daga Afirka cikin kusan shekara 40, Kamaru na cikin manyan masu fitarwa, har sai da taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016 ya hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A Ghana an kusa rasa su gaba ɗaya. To, Waziri ta wannan hanyar ya biyo. Hannun ɗan Adam na farko da ya taɓa shi, hannun da ya fizge shi daga danƙo ne. Kawu ya yi shekaru kafin ya mantar da shi, ga shi kuma Kawun ya ɓace, babu wanda zai iya yi masa bayani.

Wani abokina ya ce in kai shi bayan gari in buɗe keji kawai. Magana ce mai daɗin ji, amma tsuntsun da ya yi shekara 20 ana zuba masa abinci a kwano bai san itacen da zai ci ba, fikafikansa ba su da ƙarfin doguwar tafiya, ga shaho, ga yara masu danƙon harbi. Ko a cibiyar kula da namun daji ta Limbe, inda ake kai akun da aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, sai an yi watanni ana jinyarsu cikin garke kafin a sake su, su kuwa sababbin kamu ne. Waziri ba shi da garken da zai koma. Mu ne garkensa, ko mun iya ko ba mu iya ba.

Abu na farko da na yi shi ne sauya wa kejin wuri. Na jingina shi da bango a kusurwar ɗakin da nake aiki, ta yadda babu mai zuwa masa ta baya, na ɗaga shi daidai tsayin ƙirjina. Na nisanta shi daga tagar da ke kallon titi, saboda da yamma hayaƙin masu tsire yakan cika layinmu, kuma huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi. Maganin sauro na ƙonawa ma na hana a kunna a ɗakin. Da dare nakan rufa masa zane a ɓangare uku ya samu barci mai tsawo, don aku yana bukatar kamar awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, abin da ke da wuyar samu a Birik.

Na biyu, na daina kallonsa ido cikin ido. Idanunmu a gaba suke kamar na kyanwa da na shaho, wato irin na masu farauta. Idan ka ƙura wa tsuntsu ido, a wurinsa alamar za a kai masa cafka ce. Nakan zauna a gefe in ba shi kafaɗa, in yi magana ƙasa-ƙasa kamar ina yi da kaina. Idan ya yi gurnani sai in ja baya taku ɗaya in tsaya. Ina so ya gane cewa maganarsa tana aiki, in ya ce a'a, za a ji. Yaran gida na kafa musu doka: babu mai sa yatsa a keji, babu mai buga shi don ya yi magana. 'Yata ta fari ta ce, "Baba, to yaushe zai yi magana?" Na ce mata ranar da ya ga dama.

Na uku shi ne lokaci. Bayan sallar asuba in sauya masa ruwa, in zuba abinci, in faɗi kalmomi iri ɗaya kullum. Da la'asar in sake. Gwanda, goba, mangwaro, ɗanyar masara, ɗan wake dafaffe, gyaɗa kaɗan mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba. Baƙi masu son kyautata masa sukan miƙa masa goro, sai in hana cikin raha, domin goro da kofi da cakulan duk suna cutar da shi, fiya kuwa, wadda ta cika kasuwannin Yawunde, tana iya kashe shi. Abin da ya fi so shi ne 'ya'yan kwakwar manja, abincinsu na daji. Nakan sayo ɗan tuli a kasuwar Mokolo, amma ba na zuba masa a kwano. Na ware ta ta zama abin da ke fitowa daga wurina kawai. Da farko nakan ajiye ɗaya a bakin keji in bar ɗakin. Bayan mako biyu sai in ajiye in zauna nesa. Daga baya na matso da kujera.

Abin da ya fara buɗe ƙofar kuwa ban shirya shi ba. Cikin kayan gadon na sayi tsohon keken Kawu na ƙafa, kirar Singer, ya yi kwanaki a wurin mai gyara. Ranar da aka dawo da shi na hau ina gwada shi a kan wani ƙyalle, sai na ji wani keken yana amsawa daga kusurwa. Waziri ne. Yana yin ƙarar allura, yana yin 'yar tsayawar nan da tela ke yi idan zai juya yadi, har da ƙarar almakashi a kan tebur. Ban juya ba, ƙafata dai ta ci gaba da takawa, idona ya cika da hawaye. Wannan ƙarar ita ce ya ji kowace rana ta Allah tsawon zamansa a shago. Duk duniyarsa ta sauya, sai ga abu ɗaya da ya sani ya biyo shi. Daga ranar, duk lokacin da nake ɗinki sai ya sauko daga ƙurya ya zauna a sandar da ta fi kusa da ni.

Sannu ba ta hana zuwa. A mako na bakwai ya karɓi kwakwa daga yatsuna ta tsakanin ƙarafan keji, ya fizga ya gudu da ita. A wata na uku na fara jin yana goga baki da dare kafin barci, alamar hankalinsa a kwance yake, kuma nakan same shi tsaye da ƙafa ɗaya yana gyangyaɗi ina zaune a gabansa. Sai na fara barin ƙofar keji a buɗe idan na rufe ɗaki. Kwana biyar yana leƙowa yana komawa. A na shida ya fito ya hau rufin keji, ya kakkaɓe jiki, farar ƙurar gashinsa ta tashi. Ban miƙa masa hannu ba sai da wata rana shi da kansa ya tako kan teburin keke, ya sunkuyar da kai ya tayar da gashin ƙeyarsa. Ma'anarta, sosa mini. Wurin da bakinsa ba ya kaiwa ke nan, wanda a daji abokin zamansa kaɗai yake bari ya taɓa. Na sosa da yatsa ɗaya. Gashin ƙirjin nan ma ya fara tsirowa.

Mutane sukan tambaye ni ko ya san abin da yake faɗa. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana aiki da wani aku irin wannan mai suna Alex, wanda ya mutu a 2007, ta nuna yana iya bambanta launi da siffa da ƙidayar ƙananan lambobi. Ni dai abin da na gani a ɗakina shi ne, Waziri ba ya yin sallama sai an taɓa ƙofa, ba ya cewa "sai da safe" sai na ɗauko zanen rufa. Kuma tun da ya zo gidana bai taɓa neman shayi ba.

Da Inna ta fita takaba ta zo mana yini. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin aiki, ta kasa shiga. Waziri ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya, ƙwayar idon tana ƙanƙancewa tana buɗewa, sannan ya kira ta da muryar nan, ya ce a kawo shayi. Na ɗauka za ta juya. Sai ta yi dariya da kuka a haɗe, ta ce, "Ja'iri, har yanzu kana nan da halinka?" Ta zauna kusa da shi har magariba. Yanzu duk Juma'a takan zo, da 'yar gwandarta a leda.

Irin wannan aku yakan kai shekara 50, wani ma ya haura, idan ya samu kulawa. Idan aka dubi shekaruna aka dubi nasa, babu mamaki wata rana a sake zama a lissafa shi cikin abin da aka bari. Shi ya sa yanzu 'yata ce ke sauya masa ruwan la'asar. Takan zauna ta ba shi kafaɗa, tana bitar karatunta ƙasa-ƙasa, kwakwa ɗaya a tafin hannunta. Har yanzu bai karɓa daga wurinta ba, amma jiya ya sauko har sanda ta biyu.