Kafin ka zuba jikkunanka a kayan sauti na falo

Yanzu a Maradi da Damagaram, har Tahoua da Yamai, duk wanda Allah ya hore ma ɗan hali ya sayi babbar talabijin, abin da ke biyo baya shi ne kayan sauti, irin masu mai da falo kamar gidan sinima. Ni kaina mai son sauti mai kyau ne. Amma kuɗin nan da gumi aka samo su, kayan kuma ba su da arha, shi ya sa nake cewa kada ka bari lambar da ke jikin kwali ta yi maka ciniki.

Za ka ga an rubuta 5000 W PMPO da manyan baƙaƙe, mai shago na ta zuba yabo. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'ida, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da ampli ke iya riƙewa a kai a kai. Wat 80 ko 100 na gaskiya a kowace hanya sun ishi irin falonmu. Ko ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kaɗai ƙarar za ta ƙaru. Lasifikar da takardarta ta ce 90 dB tana ba da ƙara daidai da mai 87 dB, da rabin ƙarfin ampli.

Idan an ce 5.1, ana nufin lasifika biyar da akwatin bas guda. Uku na gaba su ne masu aikin, musamman ta tsakiya, don ita ke ɗauke da yawancin maganar ƴan fim. A ce jika 800 gare ni, rabi a waɗannan ukun zan zuba, sauran in raba tsakanin ampli da akwatin bas da kariyar wuta. In kuɗin bai kai ba, fara da lasifika biyu masu kyau da ampli, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ya fi ka kwaso akwatuna takwas na roba rana guda. Dolby Atmos da lasifikar rufi abu ne mai daɗi, amma tambayi kanka me kake kallo. Yawancin finafinan Hausa da waƙoƙi da wa'azin da muke saurare ta waya da YouTube, sautinsu na hanya biyu ne.

Wajen ampli, Yamaha, Denon, Marantz da Onkyo sanannu ne. Samfurin shekara biyu ko uku da suka wuce yakan yi sauƙin kuɗi, sautin kuma bai tsufa ba. Duba ko yana da HDMI mai ARC ko eARC, don sautin talabijin ya shiga ta waya guda. Ka tabbata an ba ka ɗan makirfon da ke auna ɗaki, Yamaha na ce ma nasu tsarin YPAO, Denon da Marantz kuma Audyssey.

Kayan hannu ma akwai riba a ciki, don lasifika mai kyau takan yi shekaru da yawa tana aiki. Sai dai ka shafa zoben da ke bakinta, in ya fara marmashewa ka bar ta. Juya bayan ampli kuma ka karanta. Kayan Amurka na 120 V ne, wutarmu 220 ce, in ka jona kai tsaye ya ƙone nan take.

Akwai kuɗin da mutane ke mantawa. Falonmu bangon siminti ne, ƙasa kuma karo, sauti sai ya yi ta amsa-kuwwa har magana ta cakuɗe. Kafet mai kauri da labule da kujerun soso suna gyara abin da ampli na miliyan ba zai gyara ba. Sannan na'urar daidaita ƙarfin wuta dole ce, kowa ya san yadda wuta ke hawa da sauka. Zafin Afrilu da Mayu na wuce digiri 40, to kada ka kulle ampli cikin kabad, bar masa iska. Lokacin hunturu ka rufe shi da ƙyalle in ba ya aiki, saboda ƙura. Waya kuwa, ta jan ƙarfe zalla mai ɗan kauri ta wadatar, kada a yaudare ka da mai tsada.

Ranar ciniki, tafi da muryar da ka sani sarai a wayarka, karatun Alƙur'ani ko labaran rediyo. Ka ce a kunna a hankali. Kowane akwati na iya ihu, amma mai kyau ko an rage ƙara kana jin kowane harafi. Haka kuma za ka fi amfani da shi a gida, don bas na ratsa bango, ga maƙwabci mai jinya, ga masallacin unguwa, ga yara na barci. Allah ya sa albarka cikin abin da muka nema.