Tafiyar Darwin Zuwa Tsibiran Murjani

Jirgin ruwan Beagle ya bar Ingila a Disambar 1831 ƙarƙashin kyaftin Robert FitzRoy, ɗauke da matashin masani Charles Darwin, wanda a Nuwambar 1835 ya hau tuddan Tahiti ya hango tsibirin Moorea, tsohon dutse mai aman wuta, farin zoben murjani ya kewaye shi, da lallausan ruwa kwance a tsakaninsu. Murjani a nan gini ne na waɗansu ƙananan halittun teku masu zama cunkus, waɗanda ke tsamo sinadarin farar ƙasa daga ruwa su yi wa kansu ɓawo, in sun mutu na baya su ɗora gini a kansa, har ya zama dutse.

Ranar 1 ga Afrilu 1836 jirgin ya isa tsibiran Cocos a Tekun Indiya, inda babu tudu ko ɗaya, sai zoben farin rairayi da itatuwan kwakwa kewaye da tafki. FitzRoy ya riƙa jefa igiyar awo mai dalma a baki, an shafe gindinta da kitse don ta ɗauko alamar abin da ta taɓa. Har zurfin gaba goma kitsen na fitowa da shatin murjani mai rai, daga nan shatin ya yi ta raguwa har ya koma yashi zalla, kuma a nisan yadi 2,200 kacal daga gaɓa igiya mai ƙafa 7,200 ba ta taɓa ƙasa ba.

Abin da ya ɗaure kai shi ne yadda halittar da ba ta rayuwa sai kusa da hasken rana ta gina katanga daga irin wannan zurfi. Amsar Darwin, wadda ya wallafa a 1842, kyakkyawa ce ƙwarai saboda sauƙinta: dutsen aman wutar da murjanin ya kewaye ne ke nutsewa sannu a hankali bayan wutarsa ta mutu, murjanin kuwa yana ta hawa sama yana bin haske, har kan dutsen ya ɓace, zoben ya saura shi kaɗai. An tabbatar da hakan a 1952, lokacin da masana na Amurka suka haƙa tsibirin Enewetak a Tekun Fasifik, suka ratsa fiye da mita 1,200 na dutsen farar ƙasa kafin su ci karo da baƙin dutsen aman wuta a ƙarƙashinsa.