"Ba Gajiya": Abin da Takardar Tambayoyi Ba Ta Ji Ba a Ikara da Maƙarfi da Kudan

Ban daɗe da kammala digiri na biyu ba aka gayyace ni cikin wani binciken haɗin gwiwa a kan matsin aiki da lafiyar ƙwaƙwalwa. Jagororin aikin likitoci ne da masana halayyar ɗan Adam, wasu na gida, wasu daga Turai. Ni kuwa aikina, kamar yadda aka rubuta a takardar ɗauka, shi ne fassara tambayoyi zuwa Hausa da karanta su ga malaman firamare da ma'aikatan lafiya da 'yan dako a ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan. Na karɓa da murna, domin batun ba ƙarami ba ne. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa ana asarar ranakun aiki biliyan 12 kowace shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. Mafi yawan ma'aunan da ake gwada irin wannan matsala da su kuwa a Turai da Amurka aka ƙirƙiro su. Ke nan akwai buƙatar a ji ta bakin mutanenmu.

Na yi fassarar bisa ƙa'idar da aka saba: na mayar da Ingilishi Hausa, wani ya mayar da Hausata Ingilishi, aka kwatanta biyun, aka ce sun dace. A lokacin ban ga wata matsala ba. Sai da muka shiga fage na gane cewa dacewar jimla da jimla ba ta tabbatar da cewa mai amsawa ya ji abin da mai tambaya yake nufi.

A wata ƙaramar cibiyar lafiya kusa da Hunƙuyi na fara lura. Ma'aikaciyar da na tarar ta kusa haihuwata, kuma ta kwana tana karɓar haihuwa ita kaɗai. Idanunta sun yi ja, muryarta ta dushe. Na karanta mata tambayar da ke neman sanin ko takan ji gajiya ta rufe ta bayan tashi daga aiki. Ta yi murmushi ta ce, "Ba gajiya, ɗana. Aiki sai godiya." Na sa alama a gurbin "ba na ji", na wuce tambaya ta gaba. Da muka gama na rufe takarda, ta kawo mini ruwa, muka shiga hira. A nan ne ta ce mini ta yi watanni barci ba ya ɗaukarta sai goshin asuba, kanta yakan yi nauyi, kuma kwanan baya aka ce hawan jini ya kama ta. Na ce, "To Hajiya, ai ba ki faɗa mini haka ɗazu ba." Ta ce, "Ai ɗazu gaishe ni ka yi."

Wannan amsa ta fi duk abin da na karanta a kan dabarun bincike amfani gare ni. Bahaushe yana tambayar "Ina gajiya?" sau da yawa a yini, kuma amsar guda ce, ko da mutum ya kusa faɗuwa. Haka nan "Ina aiki?" ba ta da amsa sai godiya. Ashe na ɗauki kalmar da harshe ya riga ya keɓe wa gaisuwa na ɗora mata nauyin awo. Bugu da ƙari, ɗabi'un da Kirk-Greene ya lissafa a 1974 cikin bayaninsa na mutumin kirki, musamman haƙuri da kunya, suna hana babba ya zayyana wa yaro baƙo wahalarsa. Ciki, in ji masu iya magana, ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar ba ƙarya ta yi mini ba. Ta amsa daidai da ladabin da tambayata ta nema.

A Ikara wata matsalar ce ta daban. Malaman firamare da na zauna da su ba su manta da jarrabawar cancanta ta 2017 ba, wadda bayanta aka sallami malamai fiye da dubu 21 a Jihar Kaduna. Duk takarda mai ɗauke da tambayoyi da gurabun cikewa, a wurinsu, tana iya zama wata jarrabawar. Wani daga cikinsu ya tambaye ni a ɓoye, "Malam, wace amsa ce daidai?" Da suka ji kalmar "ƙwaƙwalwa" kuwa sai jikinsu ya ƙara sanyi, domin a kunnen mutane da yawa tana jan hankali zuwa taɓin hankali da asibitin Barnawa da ke Kaduna. Wane malami ne zai yarda a rubuta cewa kansa ba daidai yake ba, alhali ya ga yadda abokan aikinsa suka rasa abin yi?

A kasuwar rake ta Maƙarfi tambayoyin ne da kansu suka rasa wurin zama. Suna tambaya a kan hutun shekara da ƙarin girma da dangantaka da shugaban ofis. Ɗan dakon da ke loda rake a mota ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hana shi barci shi ne ranar da mota ba ta zo ba. A wurinsa rashin aiki ne matsi, yawan aiki kuwa alheri ne. Ma'aunin ya ɗauki yawan aiki a matsayin cuta, don haka ya juya rayuwarsa a baibai.

Da sakamakon farko ya fito, sai ya nuna kamar mutanen yankin ba su da wata damuwa ta a zo a gani. Wani daga cikin abokan aikinmu na waje har ya fara yabon juriyar mutanenmu. Na yi kwanaki ina jayayya da zuciyata. In na yi magana, fassarata nake tuhuma, kuma ni ne mafi ƙanƙanta a tawagar, ga fatan a sake ɗaukata wani aikin. In na yi shiru, za a wallafa cewa matar nan ta Hunƙuyi lafiyarta lau, kuma da hannuna na sa alamar. Irin waɗannan alƙaluma ne masu tsara manufa ke dubawa in za su yanke shawarar ƙara ma'aikata ko barin abu yadda yake. Daga ƙarshe na rubuta wa jagororin bayani, na fara da amsa kuskurena.

Ba duk abin da na nema aka karɓa ba. An ƙi sauya ma'aunin, saboda ana son kwatanta sakamakonmu da na wasu ƙasashe, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma an yarda a ƙara hira ta baka bayan tambayoyin. A cikin hirar ne kalmomin gaskiya suka fito: tunani ya yi yawa, zuciya ta ƙuntata, rai ya ɓaci, jiki ya mutu, abu ya tsaya a ƙirji. Kowace da inda take nufa, kuma babu wadda "gajiya" za ta iya wakilta.

Wannan darasi ba sabo ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a cikin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Binciken da ya yi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, wanda aka wallafa a 1963, ya kula da yadda Yarabawa da kansu suke fahimtar waɗannan larurori. Yanzu da ƙasar ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, irin wannan bincike zai ƙaru a ƙasar Hausa, kuma za a riƙa neman ɗalibanmu a matsayin tafintoci.

Roƙona ga malamaina da abokan nazari shi ne kada mu tsaya a tafinta. Ya kamata manazarcin Hausa ya zauna a teburin tun ranar da ake tsara tambaya, ba ranar da aka gama ta ba. Akwai kuma aikin da ke kanmu mu kaɗai: tattara kalmomin damuwa da ƙunci kamar yadda ake furta su a asibiti da aji da kasuwa, tare da bayanin wanda ke faɗa wa wa, da kuma lokacin da ake faɗa. Likita ba zai yi mana wannan ba.

Na sake komawa cibiyar nan bayan wata biyu. Na gaishe ta yadda ya kamata, ta amsa yadda ya kamata. Sannan na ajiye takarda a gefe na ce, "Hajiya, yaya barcin?" Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta jawo kujera kusa da ni.